SHARHI: Wa Ke Da Ikon Yanke Shawara A Kan Majinyaci?

Sanin kowa ne cewa a garuruwa irin su Farin Dutse da ke ƙaramar hukumar Gwaram, da zarar an kammala girbi magidanta da dama kan tafi ci-rani. Idan naƙuda ta yi wa mace gardama a wannan lokaci, ma'aikacin lafiya kan ba da shawarar a garzaya da ita babban asibitin Gwaram, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu. A nan ne matsala kan taso, domin surukai sukan ce sai an ji ta bakin maigida. Kafin a same shi a waya, awanni sun wuce, alhali zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Doguwar naƙuda kuwa ita ce babban sanadin yoyon fitsari, cutar da ƙungiyar likitoci ta MSF ke yi wa mata aiki a kanta a asibitin Jahun tun 2008.

To, me doka ta ce? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowacce, cikin harshen da yake fahimta. Sashe na 20 kuma ya haramta ƙin karɓar majinyaci a halin gaggawa. Ke nan mace baliga mai hankali ita ke da ikon amincewa a yi mata tiyata ko ƙarin jini.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da maigida, domin shi ke ɗaukar nauyin mota da magani. Abin da ya dace shi ne a yanke shawara tun lokacin awon ciki. Kafin ya yi tafiya, ya bar izini a gaban shaidu, ya ajiye kuɗin mota, a kuma san 'yan'uwan da za su ba da jini.

Don haka muna kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da magidanta wannan batu tun kaka, su kuma ma'aikatan lafiya su riƙa yi wa majinyata bayani dalla-dalla da Hausa kafin a sa hannu a takarda.