HASSADA GA MAI RABO TAKI CE: GARGAƊI GA MASU ƘUNAR ZUCI KAN RIBAR KIRIFTO

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata cuta da ta shigo garuruwanmu na Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, ta sami zukata a buɗe ta zauna. Tun watan Mayu na 2024, lokacin da kuɗin intanet da ake kira Notcoin ya shiga kasuwa, wasu matasa a Arewa suka sami abin da suka samu ta hanyar dangwalar waya, kalmar "ta fashe" ta zama abin zance a majalisu da teburan mai shayi. Wanda ya samu ya shiga nunawa, wanda bai samu ba ya shiga cizon yatsa. To, da wannan na biyun muke magana a yau, domin cutar da ke cinsa ta girmi kirifto, ta girmi waya. Sunanta hassada.

Malamai sun bayyana hassada da cewa ita ce mutum ya ji zafin ni'imar da Allah Ya yi wa wani, har ya yi fatan ta gushe. Da ita Iblis ya fara saɓa wa Allah a kan Annabi Adamu (A.S.), kuma da ita aka fara zubar da jini a bayan ƙasa, kamar yadda ƙissar 'ya'yan Adamu biyu ta zo a Suratul Ma'ida. Mai hassada yana zaton da maƙwabcinsa yake rigima, alhali kuwa da rabon Allah yake jayayya, domin maƙwabcin bai raba wa kowa komai ba.

Sai dai kafin mu kai ga magani, ya kamata mu tambaya: shin me ake yi wa hassadar ma? Wanda ya ci riba yakan ɗauki hoton asusunsa ya baza a Facebook, amma wanda ya sayar da babur ɗinsa ko buhunan gerensa ya zuba, kuɗin suka narke, ba ya ɗaukar hoto, ɓuya yake yi. Saboda haka idonka masu dariya kaɗai yake gani, sai ka ɗauka kowa ya haye, kai kaɗai aka bari a baya. Ga kaɗan daga abin da ba a nuna maka ba. Bitcoin, wanda shi ne uban tafiyar, ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da dala 17,000 lokacin da kamfanin FTX na ƙasar waje ya rushe da dukiyar jama'a, sannan ya sake tashi ya haura dala 100,000 a Disamban 2024. Wanda ya saya yana sama, buƙata ta tilasta masa sayarwa yana ƙasa, ya yi asarar kashi uku cikin huɗu na jarinsa. Hamster Kombat, wanda matasa suka shafe watanni suna dangwala dare da rana, da ya fashe a ranar 26 ga Satumba 2024, mafi yawansu abin da ya zo hannunsu bai taka kara ya karya ba. Su kuwa masu Pi, waɗanda wasunsu suka yi ta rantsuwa cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, da aka buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025 bai wuce 'yan daloli ba, daga baya ma ya sauko ƙasa da dala ɗaya.

Kuma ka sani, ya ɗan'uwa, 'yan damfara sun fi kowa sanin wannan rauni na zuciyarka, da shi suke kamun kifinsu. Haka MMM ta yi, ta biya na farko da kuɗin na baya, na farkon suka yi ta shela, har ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Haka CBEX ta yi, ta yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda, ta rufta a Afrilun 2025, hukumar EFCC ta shiga bincike. Mai nuna maka ribarsa yana cewa ka shigo ta hannunsa, sau da yawa ladan kawo ka yake nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ita hassada ba ta barin mutum ya yi lissafi, tura shi take yi ya shiga a makare, da kuɗin bashi, ya zama shi ne zai biya ribar wanda yake yi wa hassadar.

Akwai kuma wasu da hassadarsu ta sanya rawani. Jiya suna dangwale tare da kowa, da tasu ba ta fashe ba sai suka wayi gari suna fatawa cewa dukiyar wane haramun ce. Mu ji tsoron Allah! Hukuncin kirifto mas'ala ce ta ilimi wadda malaman wannan zamani suka yi saɓani a kanta. Muftin Masar na lokacin, Shaikh Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin, haka Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a Nuwamban 2021, saboda garari da kama da caca da suka gani a ciki, wasu malaman kuma suka halatta da sharuɗɗa. Wanda ya guje shi don tsentseni ya kyauta, wanda ya yi wa ɗan'uwansa nasiha da hujja a asirce ya kyauta. Amma wanda fatawarsa take jiran ganin farashi, in ya samu halal, in maƙwabci ya samu haram, wannan ya mayar da addini bulalar huce haushi, kuma laifinsa ya fi na wanda yake zargi.

Mafi muni duka shi ne abin da hassada ke iya haifarwa a yanki irin namu. Kowa ya san halin da Zurmi da Shinkafi suka shiga na 'yan bindiga da satar mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya san ɓarnar masu kai musu rahoto daga cikin gari. A irin wannan wuri, kalmar "wane ya yi kuɗi" da aka yar a majalisa cikin ƙyashi tana iya zama sanadin ɗauke mutum ko ɗansa. Wanda ya nuna ɗan'uwansa ga azzalumai saboda baƙin ciki, ya yi tarayya da su a duk abin da suka aikata, kuma zai tsaya gaban Allah da wannan jini. Harshe a garinmu yau makami ne, a kiyaye shi.

To, mene ne magani?

Na farko, ka gyara imaninka da ƙaddara. Abin da aka rubuta maka ba zai wuce ka ba, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ka tuna mutanen Ƙaruna a Suratul Ƙasas, waɗanda suka yi burin irin dukiyarsa ranar da ya fito cikin adonsa, da ƙasa ta haɗiye shi kuwa su ne suka koma suna gode wa Allah da bai ba su abin da suka roƙa ba.

Na biyu, ka bi shiryarwar Annabi (S.A.W.) da ya umarce mu mu dubi wanda yake ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar Allah. Kafin ka dubi wanda ya sayi sabuwar waya, dubi waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suka bar gonakinsu, suna kwana a makarantu da kangwaye. Kai da ka kwana a ɗakinka, ka ci tuwonka, ina dalilin ƙunar zuci?

Na uku, idan ka ji abin yana motsi a ƙirjinka, ka yi wa mai ni'imar addu'ar albarka da sunansa, ka kame bakinka daga zancensa. Fatan samun irin abin da wani ya samu, ba tare da son nasa ya gushe ba, shi malamai ke kira gibɗa, ba laifi ba ne, kuma inda Sunna ta yaba shi shi ne a kan mai dukiyar da ke ciyarwa a hanyar gaskiya da mai ilimin da ke aiki da shi yana karantarwa.

Na huɗu, ka rage leƙen abin da ke ƙona ka. Fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ba a komai a cikinsu sai nuna riba, ka koma kan sana'arka. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, an ga wanda abincinsa ke cikin rumbu da wanda nasa ke cikin waya.

Ku kuma da Allah Ya ba ku, ku ji tsoronSa. Ku daina tallar ni'ima a gaban mayunwata, ku daina jan talakawa cikin abin da ba ku gaya musu haɗarinsa ba. Ku tambayi malamai na Sunna game da halaccin abin da ke hannunku, idan kuma ya cika nisabi shekara ta kewayo, ku fitar da ɗaya bisa arba'in. Zakka da sadaka suna kashe wutar hassada a zukatan maƙwabta fiye da kowace laya da boka zai ba ku, wadda ma shirka ce.

Muna kira ga limamai da masu wa'azi da malaman Islamiyya su ɗauki wannan batu a mimbari da darasi, domin matasanmu suna cikinsa tsundum. Allah Ya tsarkake zukatanmu daga hassada da ƙyashi, Ya wadata mu da halal, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.