Takardar Koke Kan Dajin Birnin Gwari: A Zana Taswira Kafin a Raba Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,
Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.

Ta hannun Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, Allah ya ja zamaninsa.



Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, mu manoma da makiyaya da masu ɗibar zuma da mata masu tsintar kaɗanya da kalwa, mazauna bakin daji daga Randagi da Kakangi da Dagara har zuwa Dogon Dawa da Kuyello, muna gabatar da kukanmu gare ka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa amanar ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ya sa ba mu kai kukan nan wata ƙofa ba.

Muna farawa da godiya. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, motoci suka dawo bin hanyar Buruku da Udawa, mutanenmu kuma suka fara komawa kufayensu. Sai dai zaman lafiyar da ya buɗe wa manomi hanya, shi ne ya buɗe wa mai injin yanka katako da mai gawayi da dillalin fili. Kokenmu biyu ne, kuma tushensu ɗaya: babu wata taswira da kowa ya yarda da ita, wadda ta raba daji da gona.

Koke na farko game da gonakin da muka gudu muka bari ne. Gonar da ta yi shekara da shekaru ba ta ga garma ba, yau sabara da kalgo da gamba sun rufe ta, sun fi tsayin mutum. Wanda ya hango ta daga mota, ko a hoton da aka ɗauko daga sama, daji zai kira ta. Mai ita kuwa, in ya kutsa da adda, zai nuna maka tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashin ciyawa, da ɗorawar da kakansa ya bari a kan iyaka, da turɓayar inda rumbu yake. Yawancinmu ba mu da takarda. Shaidarmu dagaci ne da mai unguwa da dattawa, kuma da dama cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu na gudun hijira a Funtuwa da Zariya da Kaduna. Tsoronmu kada a ce wannan fili ba shi da mai shi, a ba wani.

Koke na biyu game da dajin na gaskiya ne. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. A kewayensa akwai dazuzzukan doka da maje da kawo da maɗaci da maɗobiya. Muna ji muna gani ana kayar da su. Ƙirya na tafiya a buhunan gawayi. Maɗobiya kuwa, wadda aka sa cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2016, ta yi wuyar gani. Yanzu kuma wasu masu hannu da shuni sun fara aiko mana da dillalai, suna neman manyan filaye don lambunan kashu, wato yazawa, suna cewa ai su ma dashen itatuwa za su yi.

Ranka ya daɗe, ba mu ƙi yazawa ba. Mun san manoman Kogi da Ogbomosho na samun rufin asiri da ƙwallonta, wanda ake fitarwa zuwa Indiya da Biyetnam, kuma cikin shekara uku zuwa huɗu take fara 'ya'ya. Amma lambun yazawa ba daji ba ne. In rassanta suka haɗe, inuwa na kashe ciyawa, saniya ba ta samun abin kiwo. Matar da ke fita da asuba da ƙwarya lokacin faɗuwar kaɗanya, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta fid da man kaɗe ta saya wa 'yarta kayan ɗaki, ba ta da rabo a bayan shinge. Shingen kuma kan faɗa kan burtali da mashaya, alhali kowa ya san toshe burtali na cikin abin da ya hura wutar da muka sha. Abin takaici, a idon ƙididdigar da kore kawai take nema, wanda ya sare doka ya dasa yazawa bai rage komai ba.

Maƙwabtanmu sun riga mu gani. A Jamhuriyar Benin, masana daga Jami'ar Minnesota ta Amurka sun bi hotunan tauraron ɗan'adam, suka gano cewa filin kashu ya kusa ninkawa tsakanin 2015 da 2021. Mafi yawansa a kan gonaki da saura aka dasa, amma kutsen da yake yi cikin keɓaɓɓun dazuzzuka shi ma ya ƙaru. A Kambodiya ma lambunan kashu na cikin abin da ke cin daji. Can an auna ne bayan aikin gama ya gama. Mu muna roƙon a auna tun da sauran daji, domin tun ran gini, ran zane.

Kayan aikin kuwa suna nan. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samun hotunan. Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, yana ganin fili mai faɗin mita 10, yana kuma dawowa kan wuri guda duk kwana biyar. Muna da hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, muna da hukumar taswira da rajistar filaye ta jiha, KADGIS, a nan Kaduna. Tsohon hoto zai nuna inda ake noma kafin a tarwatsa mu. Hoton rani kuma, lokacin da ciyawa ta bushe, yawancin itatuwan daji suka kaɗe ganye, zai fid da lambun yazawa fili, domin ita tana nan kore shar, a jere, kai ɗaya. Sai dai tauraro ba ya ganin ƙaramin dashe, ba ya sanin sunan mai gona, kuma yakan rikita gonar da ke da kaɗanya da yawa da daji. Dole ƙafa ta bi bayan hoto.

Don haka muke roƙo kamar haka.

Na ɗaya, gwamnati ta sa a zana taswirar ƙasar Birnin Gwari wadda za ta bambance daji na asali, da gonakin da aka bari, da gonakin da ake nomawa, da lambuna, da burtali da mashaya, ana kwatanta hotunan yau da na shekarun kafin rikici.

Na biyu, a tabbatar da ita a ƙasa tare da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo da wakilan mata, sannan a kafe ta da Hausa a kowace gunduma, a ba masu ƙorafi wa'adi, har da waɗanda ke gudun hijira.

Na uku, a dakatar da bayar da manyan filaye don lambu ko wani aiki har sai an kammala wannan.

Na huɗu, a haɗa kai da hukumar gandun daji ta ƙasa a sabunta alamun iyakar Kamuku, a riƙa duba hotuna duk rani, a sanar da jama'a abin da ya ragu.

Na biyar, dashen yazawa ya tsaya a kan gonakin masu su da ƙasar da ta gaji, ba tare da sare kaɗanya da ɗorawa ba. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, zai iya tallafa wa ƙananan manoma da iri.

Ranka ya daɗe, mun binne 'yan'uwa da yawa kafin mu kai ga wannan sulhu, ba ma so rigimar iyaka ta mai da hannun agogo baya. A shirye muke mu raka duk ma'aikacin da aka turo, mu nuna masa kowace iyaka.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Mu ne naka masu biyayya,
Manoma da makiyaya da mata masu sana'ar daji na Masarautar Birnin Gwari.