Ido ba mudu ba ne: zaman madubi bisa bindigar farauta

Yau filin namu na mahalba ne, musamman waɗanda suka aje adaka da kalibar 12 suka koma ga bindiga mai harsashi guda, irin wadda ake ɗora ma madubin hange. Akwai wani kuka da ake yawan ji daga bakinsu. Kusa, bindiga ba ta kuskure, amma da abin halbi ya yi nisa sai harsashi ya riƙa zamewa gefe, kuma kullum gefe guda. Wani ya ɗora ma iska laifi, wani ya ce harsashin ne ya kwana biyu, wani ma ya tafi neman makari don yana zaton an ɗaure mashi bakin bindiga. Alhali kuwa sau da yawa ciwon yana ga zaman madubin. Ko dai an ɗaure shi a karkace, ko kuwa mai bindigar ne ke karkata ta sa'ad da ya kai ta kafaɗa, bai sani ba.

In mutum ya leƙa cikin madubin zai ga zare biyu sun gilma juna, guda tsaye, guda kwance, kuma mahaɗarsu ita ake ɗorawa bisa abin da ake bara. Wannan dabara ta girmi madubin bindiga da shekaru masu yawa. Wajen shekarar 1640 wani mai nazarin taurari na ƙasar Ingila, William Gascoigne, ya tarar gizo-gizo ya yi saƙa cikin madubinsa na kallon sama, ya lura zaren yana fitowa tangaran tare da abin da ake hange, sai ya mai da shi abin awo. To, zaren tsaye yana da aiki guda: ya nuna hanyar da abu ke bi in ya faɗo daga sama. In bai nuna wannan hanya ba, duk lissafin da aka gina bisa kansa ya rushe.

Ga dalili. Harsashi ba ya tafiya miƙe kamar yadda ido ke gani. Tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa ke jan shi, tamkar yadda take jan dutsen da aka saki daga hannu, kuma abin da aka saki yana faɗuwa kusan metir 5 cikin sakan na farko. Don haka ne ake saita madubi ta yadda bakin bindiga zai ɗan dubi sama kaɗan alhali ido yana duban abin halbi kai tsaye. Harsashi ya hau, sannan ya sauko ya gamu da layin ido daidai wurin da ake so. Wannan hawa da sauka suna biyan juna ne kawai in bindiga tana tsaye sak. In ta karkata dama, wani kashi na hawan da aka tanada domin biyan faɗuwa sai ya koma tafiya dama, harsashi ya sauka dama da wurin, kuma ƙasa kaɗan. In ta karkata hagu, haka nan zai sauka hagu.

Bari mu sa lissafi, don magana ba awo ba ta gamsar da mai sana'a. Ku dubi fuskar agogo. Tsakanin minti guda da na kusa da shi digiri 6 ne. Karkatar da ba ta wuce wannan ba, wadda da wuya mutum ya lura da ita cikin daji, tana tura harsashi gefe da kimanin kashi ɗaya cikin goma na duk faɗuwar da ya yi bisa hanya. Harsashin 7,62 na farauta, wanda ke fita da gudun da ya ɗara metir 800 cikin sakan guda, yana faɗuwa santimetir 7 ko 8 cikin metir 100, wato zamewarsa ba ta kai santimetir guda ba. Shi ya sa kusa ba a ganin komi. A metir 300 faɗuwar ta kai santimetir 70 zuwa 80, zamewa ta zama 7 ko 8. A metir 500, nisan da masu gasar halbi ke aiki da shi, faɗuwar kusan metir 2 da rabi ce, zamewa kuwa wajen santimetir 25. Mai ƙaramar bindiga 22 LR, ta halbin zomo da zabo, kada ya ce abin bai shafe shi ba. Nasa harsashin ba ya da sauri, gudunsa wajen metir 330 ne cikin sakan, don haka a metir 100 ya riga ya faɗi kusan rabin metir, kuma karkatar minti guda ta agogo ta ishe shi ya kauce da santimetir 5. Kan zomo nawa yake?

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne ga hatsi cikin kasuwa. Ga wannan aiki kuwa ido na cin amana, domin shi ba ya auna tsayuwa da kansa, sai dai ya jingina ga abin da ke gabansa. Mahalbin da ke kwance bisa gangaren tudun rairayi, ko cikin duwatsun Adar, ko gaban itatuwan da iska ta kwantar gefe guda, idonsa zai daidaita zaren kwance da gangaren ƙasa, ya ji a ransa cewa komi daidai yake. Ƙotar bindiga ma tana da tata rawa, don kafaɗar kowa da yadda take karɓar ta, kuma yawancin mutane suna ɗan kwantar da ita ba da saninsu ba.

Masu halbin nesa sun daɗe da gane haka. A shekarar 1874 an yi wata gasa mai suna a filin Creedmoor na ƙasar Amurka, tsakanin Amurkawa da mutanen Ailan, inda aka yi halbi daga nisan da ya kama daga metir 730 har ya wuce 900, Amurkawa suka ci da maki 934 bisa 931. Bindigogin gasa na wancan zamani ba madubi gare su ba, amma an liƙa masu ɗan ma'aunin ruwa wajen baki domin mai halbi ya ga ko ya karkata. Shi ma'aunin ruwan, wannan ƴar kwalba mai kumfa guda da maginanmu ke ɗorawa bisa bulo, wani Bafaranshe ne, Melchisédech Thévenot, ya ƙago shi wajen 1661. Ashe maganin ciwon yana cikin jakar magini, shi da abokin tafiyarsa, wato zaren da ake ɗaura ma nauyi a sake shi don a ga ko bango ya miƙe.

Ga yadda ake aikin. Farko a fitar da harsashi, a zare sakatar bindiga, a leƙa ciki da ido a tabbatar ba kowa, domin bindigar da aka ce ba komi cikinta ita ce ta fi kashe mutane. Sannan a kwantar da ita bisa tebur mai ƙarfi tsakanin buhunan rairayi, yadda ba za ta motsa ba. A ɗora ƙaramin ma'aunin ruwa bisa shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ƙafafun madubi ke zaune a kai, a gilme, a yi ta gyara buhuna har kumfa ta tsaya tsakiya. Kada a ɗora shi bisa murfin mamurɗin madubi, don ba kullum murfin ke daidai da zaren ciki ba. Daga nan a rataya igiya mai kauri, mai launin da ake gani, ga reshen icce da ke nisan metir 20 ko 30, a ɗaura mata dutse ko ƙarfe. In da iska, a tsoma nauyin cikin bokitin ruwa, zai bar lilo. Wannan igiya ita ce alƙali, domin ba ta san gangare ba, ba ta san kafaɗar kowa ba.

Sai a sassauta ƙananan ƙusoshin nan masu murɗi da ke riƙe zobban madubi, gwargwadon yadda madubin zai juya ba tare da ya yi sako-sako ba. Kafin a juya shi, a fara tura shi gaba ko baya har ido ya ga hoto cikakke daga tazarar santimetir 8 zuwa 10, don wanda ya matsa ido kusa, ranar da bindiga ta yi harbin baya gira za ta biya. Sannan a juya madubi sannu sannu har zaren tsaye ya kwanta bisa igiya tun daga sama har ƙasa. A sake duban kumfa, don hannu yakan ture bindiga wajen juyawa. Wurin ɗaurewa nan ne gaggawa ke ɓata aiki. In aka ɗaure gefe guda tamau kafin ɗayan, zobe zai ja madubi ya karkata shi. A riƙa bin su bi da bi, kaɗan kaɗan, wannan gefe da wancan, kamar yadda makanike ke ɗaure ƙafar mota, ana leƙa igiya bayan kowane zagaye. Kuma ba a nuna ƙarfi, domin jikin madubi bututu ne marar kauri, matsi mai yawa yana lotsa shi ya hana kayan ciki motsi. Abin da turnabis ya ba da ƴan yatsu uku ya isa.

Aiki bai ƙare ba sai an gwada shi da wuta. A nemi wuri mai tudu ko ganuwar ƙasa a baya, nesa da gari da gonaki da burtali. A kafa babban kwali a metir 100, a ja layi tsaye a kansa da taimakon igiyar nan mai nauyi, a sa ɗigo ƙasan layin. A yi halbi uku bisa ɗigon. Sannan a murɗa mamurɗin bisa, mai ɗaga harsashi, gwargwadon santimetir 30. Yawancin madubin Turai kowane ƙas guda santimetir 1 ne a metir 100, na Amurka kuwa wajen milimetir 7, kuma an rubuta shi bisa mamurɗin. A sake halbi uku ana bara ga ɗigon farko. In ramukan sama sun hau bisa layi, madubi ya zauna. In sun kauce dama, kan madubin ya karkata dama ke nan, sai a sassauta a juya shi hagu kaɗan, in sun kauce hagu a juya shi dama. Bayan haka a mai da mamurɗi mazauninsa.

Saura abu guda. Madubin da ya zauna daidai bisa tebur ba ya hana mai shi karkata bindiga cikin daji, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne zaren tsaye ya kasance tsaye lokacin da yatsa ya taɓa kunama. Don haka ake sayar da ɗan ma'aunin ruwa mai zobe da ake ɗaurawa jikin madubi. A ɗaura shi tun igiya tana rataye, a tsai da kumfarsa tsakiya sa'ad da zare ke kwance bisa igiya, sannan mutum ya saba ma kansa satar kallonsa kafin kowane halbi. Bindigar da ta sha girgiza bayan babur ko cikin mota bisa hanyar laterit, a sake kai ta gaban igiya kafin a fita da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce duk wannan wahala don santimetir 7? To, wurin da ake nema ga ƙaramar dabba, bayan kafaɗa inda zuciya da huhu suke, bai fi tafin hannu ba. Santimetir 7 su ne tsakanin dabbar da ta faɗi nan take da wadda aka fasa ma ciki ta shige kurmi tana jan hanji, ta kwana biyu tana wahala kafin ta mutu, kura da angulu su ci. Addini ya hore mu da kyautatawa ko wajen kisa da yanka. Wanda ya karanta babin farauta cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa cikin zaurukanmu, ya san malamanmu na Malikiyya sun yi magana bisa naman da ya ɓace ma mahalbi har ya kwana, kuma sanannen hukunci shi ne a bar cinsa. Ke nan an yi hasarar rai, an yi hasarar nama, an yi hasarar harsashi. Harsashin da ya kuskure gaba ɗaya kuwa ba ya tsayawa don ya kuskure. Na 22 LR yana iya wuce kilometir 1 da rabi, na 7,62 ya wuce 3, kuma dajinmu ba kango ba ne, akwai makiyayi da garkensa, akwai mata masu itace.

Dajin nan kuma ba shi da yawan da kakanninmu suka sani. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara sha'anin farauta da kare namun daji: sai da takardar izini, sai cikin lokacin da hukuma ta buɗe, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙuman dawa na Kure da warwajin Tarmit. Riƙon bindigar kanta sai da izinin hukuma. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, aka ba shi damar ɗaukar rai guda, wajibi ne ya ɗauke shi da halbi guda. In nisa ya wuce inda ya gwada bindigarsa bisa kwali, ya matsa kusa kamar yadda mahalban dauri ke yi da baka, ko ya sauke ta ya bar dabba ta wuce. Igiya da dutse da bokitin ruwa ba su cin ko dala, awa guda kawai suke nema ga mai bindiga.

Allah shi kiyaye mu da kuskuren hannu. Sai mako mai zuwa in Mai Duka ya kai mu.