ƘOFAR GIDAN TALAKA BA TASHA BA CE

Jama'a, yau maganarmu a kan mota take, da inda mota ke kwana.

Duk wanda ke zaune a Unguwa Uku, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Tarauni ya san abin da ke faruwa. Magidanci ya fito da asuba zai tafi masallaci, sai ya tarar da babbar mota ta tsaya masa a bakin zaure, direba bai bar sallahu ba. Mai kurar ruwa ya kasa shiga lungu. Mace na naƙuda, asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan kusa a kan titin Zariya, amma sai an riƙo ta da ƙafa har bakin titi. To, ran da gobara ta tashi fa, Allah ya kiyaye, ta ina motar kashe gobara za ta bi? Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba zai ɗauki wannan tambaya wasa ba.

Mu duba asalin ciwon. Unguwannin nan a bayan ganuwa suke, birni ne ya bunƙasa ya haɗiye su. Yawancin lungunansu don mai ƙafa da mai jaki da mai keke aka bar su. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 220,000 a ƙaramar hukumar Tarauni, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi, amma lungu bai ƙara faɗi ko da taki ɗaya ba. Ga tashar Unguwa Uku, ga kasuwar 'Yan Awaki, ga 'Yan Lemo a Na'ibawa, duk kan hanya guda. Da aka hana acaɓa a 2013, Adaidaita Sahu ya cika gari, shi kuwa ya fi babur cin wuri. Sa'an nan mai kuɗi ya rushe gida ya tada benen kantuna, bai bar filin ajiye mota ba, masu sayayya suka mai da ƙofar maƙwabta garejinsu.

Gwamnati ta kafa KAROTA a 2012 don gyaran tafiyar ababen hawa, an kuma gina gadoji a Dangi da Hotoro. Madalla. Amma gada mota mai tafiya take yi wa amfani. Mota kuwa tilas ta tsaya, kuma in ba a tanadar mata wuri ba, a ƙofar mai ƙaramin ƙarfi za ta tsaya. Tara ba ta haifar da fili. In ka kori direba daga wannan lungu, na gaba zai shiga.

Kada kuma mu ɓoye namu laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ɗan kasuwan da ya fito da teburinsa har rabin hanya. Akwai maigidan da ya mai da garejinsa shago, yana karɓar haya, motarsa na kwana a ƙofar maƙwabci. Wannan ma zalunci ne, ko da talaka ne ya yi wa talaka.

Saboda haka ga abin da muke nema:

Na ɗaya, hukumar tsara birni, wato KNUPDA, kada ta yarda da ginin benen kantuna sai mai shi ya nuna filin da motocin masu sayayya za su tsaya.

Na biyu, a keɓe wa manyan motoci wurin kwana a gefen hanyar Eastern Bypass, da masu gadi, a kan kuɗi mai sauƙi. A zauna da ƙungiyar direbobi ta NURTW kafin a yanke, domin direba ma talaka ne mai neman abinci.

Na uku, a sa lokacin sauke kaya, kowane ɗan kasuwa ya san shi, yadda mota za ta sauke ta wuce.

Na huɗu, mai unguwa da dattawa da shugabannin kasuwa su shata lungunan da ba za a toshe ba, dare ko rana.

Na biyar, in tara ta kama, a ba da rasit, kuma ta hau kan mai marsandi kamar yadda take hawa kan mai Adaidaita.

'Yan'uwa, gunaguni a majalisar shayi ba ya ɗaga mota. Hedkwatar ƙaramar hukumar Tarauni a Unguwa Uku take, ba sai an biya kuɗin mota ba. Kowane layi ya rubuta takarda, magidanta su sa hannu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi, a koma bayan wata guda a tambayi amsa. Talaka na biyan haraji, ɗan kasuwa na biyan kuɗin rumfa. Ƙaramin abin da ya cancanta shi ne ya fita gidansa ya shiga ba tare da ya roƙi kowa hanya ba.

Allah ya sa a ji, a kuma gyara. Amin.