Dabarar da ta fi kowace a teburin foka

 Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin matasanmu, wadda ya kamata mu fito da ita fili. Wasan karta da ake kira foka ya shigo cikin wayoyinmu, ana buga shi ta intanet da kuɗi na gaske. Masu yin sa suna cewa ba ɗaya yake da cacar ƙwallo ba, wai shi wasan lissafi ne, kuma a ƙananan tebura da 'yan kuɗi kaɗan ake shiga. Tambayar da suke yi ita ce yaya za su gyara dabarunsu su riƙa ci. Mun ga ya dace mu amsa da gaske, da lissafi da kuma Maganar Allah, muna riƙe da Luka 16:10-13 da 1 Timoti 6:6-10.

Bari mu fara da ba su gaskiyarsu. Foka tana da dabara. A ce akwai naira 1,000 a tsakiya, abokin wasa ya ƙara 500. Idan za ka bi shi, kai ma 500 za ka zuba, jimla ta zama 2,000. Ke nan sai kana cin irin wannan hannu sau ɗaya cikin huɗu kafin bin ya biya ka. Idan kuwa kana jiran karta ta ƙarshe ta cika maka guda biyar masu zane iri ɗaya, kartoci 9 ne kawai za su fisshe ka cikin 46 da ba ka gani ba, wato ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Mai lissafi zai ajiye kartarsa, mai zafin kai zai bi. Da irin wannan ne wanda ya iya yake cin wanda bai iya ba. Ba za mu musa ba, gama ƙarya ba ta gina kowa, ko da don a tsorata shi ne.

To amma mu bi lissafin har ƙarshe. Kamfanin da ya kafa teburin ba ya wasa da kowa, kamasho yake yanka daga kuɗin tsakiya, sau da yawa kusan kashi 5 cikin ɗari. A ce mutum shida sun zauna, kowa da naira 5,000, jimla 30,000. A ce a awa ɗaya an yanki kamasho a hannu 50, kowane hannu da 1,000 a tsakiya. Naira 2,500 ke nan a awa. Cikin awa huɗu 10,000 ta fita daga teburin, kashi ɗaya cikin uku na duk abin da suka zo da shi, ba kuwa za ta dawo ba. Mutum shida za su yi ta faɗa a kan 20,000 da ta rage. Ba ya isa ka fi abokan wasanka iyawa, sai ka fi su da ratar da ta wuce kamashon. A ƙananan tebura ma kamashon ya fi ciwo, domin rangwamen da ake yi wa manyan hannaye da wuya ya iso can.

Nawa ne ribar gwani a irin wannan tebur? Masu wasan suna auna nasara da babban zubin dole, wato kuɗin da ake tilasta wa ɗan wasa ya sa kafin a raba karta. Wanda yake cin irin wannan zubi biyar a kowane hannu 100 ana ɗaukarsa ya iya. A teburin da zubin yake santi 2 na dala, ribarsa santi 10 ce a hannu 100, abin da kan ci fiye da awa ɗaya a tebur guda. Bai biya data ba, balle cajin waya. Bugu da ƙari, sa'a tana rufe dabara na dogon lokaci: gwani na iya buga hannu 10,000 ya tashi da asara, wanda bai iya ba kuma ya ci mako guda cur ya ɗauka baiwa gare shi. Don haka ƙaramin tebur ba wurin samun abinci ba ne. Ƙofa ce, kuma wanda ya ga riba ba ta taka kara ta karya ba, babban tebur zai nufa.

Labarin da ya ja duniya cikin wannan wasa sananne ne. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee a Amurka, mai suna Chris Moneymaker, ya sami gurbin shiga babbar gasar foka ta Las Vegas ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya ci dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga gasar, amma sunan mutum ɗaya ake ta ambata. Akwai kuma labarin da ba a cika faɗa ba. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafukan foka uku. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, 'yan wasa suna bin sa kusan dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kusan miliyan 60 ba. Da yawa sai bayan shekaru suka ga kuɗinsu. A 2019 kuma wata manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, wadda masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon da Facebook suka ƙera, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida. Shafukan sun hana amfani da irin waɗannan manhajoji, amma kai da ke riƙe da waya ba ka ganin fuskar wanda kake karawa da shi.

Duk wannan maganar aljihu ce. Abin da ya fi damunmu shi ne zuciya. Ku duba shawarar da masu koyar da foka suka fi nanatawa: zaɓi teburin da ya dace. Ma'anarta ita ce ka nemi inda marasa iyawa suke, waɗanda a yaren wasan ake kira kifi. Ka lura da wanda ya hasala bayan asara, ka matsa masa. Ka gane wanda ba ya iya ajiye karta, ka tatse shi. Wannan ita ce zuciyar dabarar, domin babu wani wurin da riba za ta fito. Manomi ya ci riba, mai saye ya tafi da masara. Tela ya karɓi kuɗi, mai kaya ya tafi da riga. A teburin caca kuwa, duk nairar da ta shigo aljihunka daga na wani ta fito, shi kuma ya tafi hannu rabbana. Wataƙila kuɗin makarantarsa ne, ko na maganin mahaifiyarsa. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 13:10 cewa mai ƙauna ba ya cutar da maƙwabcinsa, a Afisawa 4:28 kuma ya nuna cewa muna aiki da hannuwanmu ne domin mu sami abin taimakon mai bukata. Yaya za mu yi wa raunana addu'a ranar Lahadi, da dare kuma mu fita farautarsu?

Wani zai ce babu ayar da ta ambaci foka. Haka ne, babu. Amma Maganar Allah ta yi magana a kan tushen. A 1 Timoti 6 an gargaɗe mu cewa masu ɗokin yin arziki sukan faɗa cikin jaraba da tarko. Karin Magana 13:11 ta bambanta dukiyar da ta zo a banza, wadda takan zube, da wadda aka tara da kaɗan kaɗan. Wani kuma zai ce ai kuɗin kaɗan ne, bai kai a yi magana ba. A nan ne Luka 16:10 ta tare mu: Ubangiji Yesu ya koyar cewa a ƙaramin abu ake gane mai riƙon amana. Naira 500 da ke wayarka da awa huɗu na darenka duka na Allah ne, ajiya aka ba ka.

Akwai mai cewa shi nishaɗi kawai yake yi, kamar mai biyan kuɗin gidan kallon ƙwallo. Ba mu da iko a kan lamirin kowa, kuma ba mu ce karta kanta zunubi ce ba. Sai dai ga gwaji mai sauƙi. Ka buga wasan wata guda ba tare da kuɗi ba. In daɗin ya tafi, to ba wasan kake so ba, kuɗin ne. Ka kuma tambayi kanka: ka taɓa ɓoye wa na kusa da kai abin da ka rasa? Ka taɓa komawa domin ramuwa? Ka taɓa cin bashi a manhajar lamuni don ka zuba? Ka taɓa gyangyaɗi a sujada saboda daren jiya? Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 6:12 ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtukan jaraba. Ba a shiga da niyyar zama bawa, a hankali igiyar take ɗaurewa.

Ga ra'ayinmu a fili: dabarar da ta fi kowace a wannan tebur ita ce ka tashi. Masu wasan kansu sun yarda cewa gwani yakan ajiye yawancin kartocin da aka raba masa, kuma kuɗin da ya riga ya zuba ba nasa ba ne kuma, bai kamata ya bi su da wasu ba. Ɗauki wannan darasi ka ɗora a kan wasan gaba ɗaya. Abin da ya tafi ya tafi, neman ramuwa shi ne ramin.

Idan kana ciki, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, fara yau. Cire abin da ya rage a asusun, ka nemi shafin ya rufe maka shi, gama yawancin masu lasisi suna da hanyar yin haka. Goge manhajar, ka cire katin bankinka. Rubuta duk abin da ka zuba da abin da ka fitar tun farko, domin zuciya takan tuna ci ta manta asara. Sa'an nan ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, fasto ko dattijo ko shugaban zumunta. In akwai bashi, ku zauna tare ku tsara biya. Kan da ya iya lissafin 9 cikin 46 zai iya riƙe littafin shago, zai iya koyon aikin kwamfuta, zai iya zama ma'ajin zumunta nan gaba.

Mu kuma sauran, akwai namu aikin. Galatiyawa 6:1-2 ta umarce mu mu komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mu ɗauki nauyin juna. Wanda ya buɗe mana cikinsa kada ya ji labarinsa a bakin wasu da sunan roƙon addu'a. Mu kuma tuna cewa da yawa rashin aiki da matsin rayuwa ne suka tura su. Mai sana'a a cikin ikkilisiya ya ɗauki yaro ko yarinya ɗaya ya koya masa, mai jari ya taimaka da abin farawa. Wa'azi kaɗai ba ya cika daren da babu abin yi.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ne mai biyan bukatunmu. Ka koya mana gamsuwa, ka sa mu zama masu aminci a ƙaramin abu. Ka kwance duk wanda wannan igiya ta ɗaure, ka ba shi ƙarfin halin faɗin gaskiya, ka buɗe masa ƙofar aiki mai albarka. Ka ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.