Haƙƙin Majinyaci a Gidan Kaso

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, duk wanda ya taso daga Gwarzo ko Kabo zuwa birnin Kano yakan wuce ta Janguza, inda Gwamnatin Tarayya ta buɗe babban gidan yari na mutum 3,000 a shekarar 2023. Fatake na wucewa da kaya, almajirai na wucewa da alluna, kaɗan ne ke tuna waɗanda ke bayan katangar irin waɗannan gidaje.

Mafi nauyin al'amari a cikinsu shi ne na mai ɗaurin rai da rai. A ciki zai yi furfura, a ciki ciwon suga da hawan jini za su same shi, ga tarin fuka da ƙazuwa masu yaɗuwa inda cunkoso ya yi yawa. Ba shi da ikon zuwa asibitin Gwarzo da ƙafarsa, balle sayen magani. Alƙali tsarewa ya yanke masa, bai yanke masa mutuwa da cuta ba. Saboda haka wanda ya riƙe mabuɗi, a wuyansa magani yake.

Wannan ba baƙon hukunci ba ne ga malamai. Alƙali Abu Yusuf, a cikin Kitabul Kharaji, ya yi wa Halifa Haruna Rashidu nasiha cewa a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, wanda ya rasu ba shi da kowa a yi masa sutura. An kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. To, ina ga ɗan Adam?

Dokar zamani ma haka ta ce. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, sun wajabta wa ɗaurarre jinya irin ta mutanen gari, kyauta. Dokar gidajen gyaran hali ta Nijeriya, ta 2019, ta ɗora kula da lafiyarsa a kan hukuma. A 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, amma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hannu a ciki. Ashe ke nan Gwamnatin Kano ma ba ta da uzuri.

Abin da ya kamata shi ne likita ya riƙa duba tsofaffin ɗaurarru a kai a kai, a ware mai tari daga masu lafiya, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa a kai maganarsa gaban masu ikon afuwa. Malamai su faɗi wannan a wurin tafsiri, attajirai su sa magani da sabulu cikin sadakarsu. Haƙƙin wanda aka zalunta yana nan, jinyar mai laifi ba ta rage shi.

Allah Ya kiyashe mu da ƙaddarar ɗauri, amin. Wassalamu.