Shagon Sushi, Teburin Mai Tsire, Da Kuɗin Abincin Taronmu



Makon jiya wani ɗanmu da ke karatu a Japan ya turo hoto zauren ƙungiya na WhatsApp. Abokan karatunsa ne suka kai shi cin abinci wani ɗan ƙaramin shago a unguwarsu. Kujeru takwas ne kacal, a jere gaban dogon teburin katako, wani dattijo yana tsaye a ɗaya ɓangaren yana dunƙula shinkafa da hannu, yana ɗora yankan kifi a kai, ya miƙa wa mai ci nan take. Matarsa ke zuba shayi, ita ke karɓar kuɗi. Abincin nan shi ne sushi. Kafin a yi la'asar zauren ya cika da dariya: wannan ya ce ɗanyen kifi sai mage, wancan ya ce a tura masa kilishi kafin ya rame.

Mu ma mun dara. Amma da muka sake duban hoton, sai muka ga abin ya shafi maganar da ke gabanmu, wato wa za a ba aikin abincin taron shekara.

Mu fara kawar da batun ɗanyen kifin, tunda shi ya tsone wa mutane ido. Kifin teku ne suke amfani da shi, an zaɓe shi, an adana shi cikin sanyi tun daga jirgin masunta har teburi. Kada wani yaro ya ga bidiyo ya ce zai gwada da tarwaɗa ko karfasar rafinmu. Kifin ruwan daɗi na iya ɗauke da tsutsotsi masu shiga jikin mutum, wuta ce maganinsu. Wanda kuma tafiya ta kai shi irin wannan shago, ya tambaya kafin ya ci, domin akwai wani ruwan ɗanɗano da suke kira mirin wanda ke da giya a ciki, wasu na sa shi a miya ko a ƙwai. Wannan ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, irin wannan sushi abincin bakin titi ne tun asali. A birnin Edo, wanda ya zama Tokyo, wajajen shekarun 1820 aka fara sayar da irin wannan dunƙulen shinkafa da kifi, ana kuma danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei. A rumfuna ake sayar da shi, leburori da 'yan kasuwa su tsaya su ci da hannu su wuce. Babu firji a lokacin, saboda haka sai a jiƙa kifin a ruwan tsami ko ruwan waken suya, ko a ɗan dafa shi don kada ya lalace. Yau kuwa sai ga shi a watan Afrilun 2014, da shugaban Amurka Barack Obama ya ziyarci Japan, firaminista Shinzo Abe ya ɗauke shi ya kai shi shagon wani tsoho mai suna Jiro Ono, shago mai kujeru goma a ƙarƙashin ƙasa, jikin tashar jirgi ta Ginza. Ƙasa mai manyan otal-otal, amma da za ta karrama babban baƙo sai ta kai shi gaban mai sana'ar hannu.

To mu dubi namu. Mai tsiren da ke kan titin Kagoro, me ya raba shi da dattijon cikin hoton? A gabanka yake yanka naman, a gabanka yake barbaɗa ƙuli, a gabanka yake juya shi a wuta. Ya san wanda ke son kitse, ya san wanda likita ya hana. Ba ya awo da sikeli, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Haka mai masa da ke fitowa tun asuba, haka mai faten acca da ta shekara ashirin a rumfa ɗaya ba ta taɓa sauya hannu ba. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927, kuma iyayenmu sun ba mu labarin yadda tasha ke cika da masu abinci duk lokacin da jirgin Fatakwal ko na Jos ya tsaya. 'Ya'ya da jikokin waɗannan mata suna nan a Bayan Loko da kewayen kasuwa. Jirgi ya daina zuwa, kasuwa ta ƙone a rikicin 2011, wasu jarinsu bai sake tashi ba har yau. Waɗanda suka rage, da ƙyar suke riƙe da tukunya.

Mu kuwa me muke yi? Idan taro ya zo, sai mu kwashi kuɗin da muka tara da gumi, ɗari biyar ɗari biyar, mu ba wani kamfanin girki daga wani gari, don kawai abincinsa na zuwa cikin roba mai murfi da cokali a naɗe. Bara kowa shaida ne. An ce ƙarfe ɗaya, bai iso ba sai bayan la'asar, shinkafar ta fara tsami saboda zafin mota, dattawa suka tashi da yunwa. Ba za mu kama suna ba, an riga an yi magana da su, an wuce wurin. Amma ko da abincin ya zo lafiya lau, tambayar tana nan: kuɗin ya fita daga gari, bai dawo ba.

Mun san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce masu abincin unguwa ba za su iya ciyar da mutum ɗari biyu a lokaci ɗaya ba. Haka ne, mace ɗaya ba za ta iya ba. Shi ya sa muke ganin a raba aikin gida huɗu: masa da miyar taushe wajen ɗaya, fate wajen ɗaya, nama wajen mai tsire, zoɓo da kunun aya wajen matan da ke yi. A ba kowa rabin kuɗi tun kwana uku kafin taro don ya yi cefane a natse.

Za a kuma ce tsafta. Nan ne fa ba za mu rufa wa kowa asiri ba. Ɗanmu ya ce abin da ya fi ba shi mamaki a shagon nan ba abincin ba ne, yadda dattijon ke goge wuƙa da katakon yanka bayan kowane yanka, har ka ji kunyar ajiye hannunka a teburin. Mu a nan har yanzu ana naɗe tsire a tsohuwar jarida, tawada na narkewa cikin mai. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ke komawa kan nama. Ruwan wanke kwano ɗaya tun safe har azahar. Wanda duk zai karɓi aikin ƙungiya, sharaɗi ne mutum biyu daga kwamitin walwala su je su ga inda ake girkin da idonsu, a kawo abinci a rufe, a yi amfani da ruwa mai tsabta. Wanda ya ga an raina shi da wannan sharaɗi, ba dole.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Tun bayan rikice-rikicen da garin nan ya gani, unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Bencin mai shayi da na mai tsire na cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bahaushe da Bajju da Fantswam da Ibo ke zama kafaɗa da kafaɗa ba tare da an kira taron sulhu ba. Duk rumfar da ta rufe, bencin nan ne ya ragu.

Af, kafin mu manta. A gefen farantin cikin hoton akwai wasu siraran yanka masu ruwan hoda. Mun tambaya, ashe citta ce ɗanya, wadda ba ta ƙosa ba, an yanka ta kamar takarda an jiƙa a ruwan tsami da sukari, ana ci tsakanin loma da loma don wanke baki. Sunanta a bakinsu gari, abin dariya. Mu da ke zaune a tsakiyar ƙasar citta, daga Kachia zuwa Kwoi zuwa Kagarko, iyakarmu mu tsaga, mu shanya, mu ɗura a buhu, dillali ya sa farashi. Da cutar 2023 ta cinye gonaki, kowa ya ga yadda dogaro da sayar da buhu kaɗai ke kayar da gida. Wannan magana ce ta wata rana, amma matanmu masu neman abin yi su riƙe ta.

Za mu gabatar da shawarar raba aikin abincin a zaman wata mai zuwa, bayan karanta bayanin kuɗi. Wanda ya san mai girki a unguwarsu da ya amince da hannunta, ya ba kwamitin walwala sunanta kafin ranar. Wanda kuma bai yarda da mu ba, ya zo zaman ya faɗi hujjarsa, kada a bari sai an gama a koma zaure ana ƙorafi.

Sakataren ƙungiya